Ɗanya Ko Dafaffiya: Yaushe Ya Kamata A Ɗora Kaza A Sikeli?

Ƙanena ya fara ɗaga ƙarfe bara, bayan Babbar Sallah, kuma tun daga lokacin ya shiga lissafin duk abin da zai kai baki. Wata Asabar ya sayo kaza wajen masu kajin gidan gona, aka yanka aka fige, ya kawo mini gida a Mabera. Na zare tsokar ƙirjin, na cire fata da ƙashi, muka ɗora a ƙaramin sikelin kicina: giram 400. Na tafasa da albasa da citta da kanumfari da gishiri, na tsame a faranti ya sha iska. Da ya sake ɗorawa sai sikeli ya tsaya a 300 da 'yan kai. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ko dai wanga sikeli naki ya ɓaci, ko ko wani ya taɓa naman ga. Ɗari huɗu fa munka aza." Ban ce masa komai ba, na buɗe masa tukunya. Romon ya fi ruwan da na zuba ƙamshi da kauri, ga ɗan maiƙo yana yawo a sama, ga murfin yana ɗigar da tururin da ya taru a jikinsa. Giram ɗarin da yake nema suna nan, wasu a tukunya, wasu sun bi iska.

Tambayar da ya yi mini bayan nan ita ce dalilin wannan rubutu: wace lamba zai rubuta, ta ɗanye ko ta dafaffe? Ba masu ɗaga ƙarfe kaɗai take damu ba. Akwai wanda likita ya ce ya rage ƙiba saboda hawan jini, akwai mai ciwon suga, akwai mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade masa naman da zai ci a rana. Duk wanda ya sayi sikeli don waɗannan dalilai zai ci karo da wannan tambaya tun a makon farko, kuma da yawa a nan suke karaya su jefa sikelin bayan kwanuka.

Sai an fahimci abin da wuta ke yi wa nama kafin a yi zaɓi. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyar tsokar kaza ruwa ne. Ruwan nan yana maƙale ne tsakanin siraran zaren tsoka, furotin, wato sinadarin gina jiki, na riƙe da shi. Da zafi ya fara shiga, furotin ɗin sai ya daskare, kamar yadda farin ƙwai ke yi a kasko. In zafin ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, tantanin da ya naɗe zaren tsokar sai ya tsuke, ya matse naman kamar yadda ake matse wanki. Ruwa ya fita, kitse ya narke ya bi bayansa. Hukumomin kula da lafiyar abinci sun ce kaza ta nuna yadda ba za ta cutar ba idan tsakiyar naman ya kai digiri 74. Duk mintin da ta ƙara a wuta bayan nan, ruwa ne kawai take ƙara zubarwa. Shi ya sa a dahuwa ta tsaka-tsaki nama ke rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, a doguwar dahuwa ko gashi mai tsanani kuma ya fi haka.

Abin lura shi ne ruwa ba shi da kalori ko ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Lissafin da ake bi har yau, wanda ya samo asali daga aikin wani masanin Amurka, Wilbur Atwater, a ƙarshen ƙarni na 19, ya ba kowane giram na furotin kalori 4, na sitaci da suga kalori 4, na mai da kitse kalori 9. To tunda ruwa ne mafi yawan abin da ya fita, abincin da ke cikin naman yana nan kusan yadda yake, wurin zamansa ne ya ƙanƙance. Jadawalin hukumar noma ta Amurka ya nuna haka ƙarara: giram 100 na ɗanyen ƙirjin kaza marar fata yana da kalori 120 da furotin giram 22 da rabi, giram 100 na gasasshe yana da kalori 165 da furotin giram 31. Wuta ba ta ƙara masa komai ba. Ai giram 100 na gasasshen nan, kafin ya hau wuta ya haura giram 130.

Ga inda ɓarnar take. A ce ka yanki ɗanyen ƙirji giram 200, ya dahu ya koma 150. Gaskiyar abin da ke cikinsa kalori 240 ne da furotin giram 45. In ka auna shi dafaffe, 150, ka shiga manhajar lissafin abinci a waya ka zaɓi layin ɗanye, za ta ba ka kalori 180 da furotin giram 34: ka ci fiye da abin da ka rubuta. In ka auna shi ɗanye, 200, ka zaɓi layin gasasshe, za ta ba ka kalori 330 da furotin giram 62: ka rubuta giram 17 na furotin da ba su taɓa shiga cikinka ba. Amma in ka auna 150 ka zaɓi layin gasasshe, za ka samu kalori wajen 247 da furotin 46, wato dab da gaskiya. Kafin a yi gardamar wace hanya ta fi, wannan ne kuskuren da ya fi yawa kuma ya fi girma: awo a wani hali, lissafi a wani. Manhajoji irin su MyFitnessPal da Cronometer suna da layuka barkatai na kaza, a wasu manhajojin ma masu amfani ne ke shigar da bayanai da kansu, don haka layin da bai faɗi ɗanye ne ko dafaffe ba, a bar shi a nemi wanda ya faɗa.

Awon ɗanye

Ƙarfin wannan hanya ɗaya ne, amma babba ne: ɗanyen nama ba ya canza fuska. Giram 200 na ƙirji yau, giram 200 ne gobe, ko wa zai dafa, ko a kan gas ko gawayi ko itace. Dafaffe kuwa nauyinsa na bin hannun mai girki. Mu koma kan yankin nan mai giram 200. In an sauke shi da wuri yana da sauran danshi, ya tsaya a 170, layin gasasshe zai ce furotin giram 53 ne. In an manta da shi a wuta ya bushe ya koma 130, layin nan dai zai ce giram 40. Nama ɗaya, furotin ɗinsa 45 bai motsa ba, amma rubutunka ya yi lilo tsakanin 40 da 53. Mu kuma a Sakkwato ba ma wasa da dahuwar kaza. Sai ta tafasa ta yi laushi, sannan a tsame a soya ta yi ja. Kazar da ta sha wuta sau biyu ta fi wadda aka auna a jadawalin Turawa bushewa, don haka mai bin layin dafaffe a irin girkinmu yakan rubuta ƙasa da abin da ya ci.

Wannan hanya ta dace da wanda tukunyarsa tasa ce shi kaɗai: ɗalibin jami'a a ɗakinsa, ma'aikacin da aka turo gari ba iyali, ko wanda ake yi wa girkinsa daban saboda lalura. Ya raba naman tun yana ɗanye, kowane ƙulli giram 150 ko 200, ya ɗaure a leda ya sa a firiza. Ranar girki ya ɗauki ƙulli ɗaya, lissafi ya riga ya ƙare. In kazar daskararriya ce aka sayo, a bari ƙanƙarar ta narke, a tsiyaye ruwan, a goge, sannan a auna, in ba haka ba ƙanƙara za a rubuta a matsayin nama. Kuma a ɗora naman a kwano, kada a shimfiɗa shi a fuskar sikeli, a wanke kwano da hannu da sabulu bayan an gama, domin ɗanyar kaza na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da amai. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ba a barin ɗanyen nama a waje ana neman batirin sikeli.

Raunin ta kuwa a gidajenmu yake fitowa fili. Kazarmu ba tsoka zalla ba ce a faranti. Guda ake sayowa da ranta, a yanka, a fige, a sassara da ƙashinta da fatarta, a haɗa da hanta da ƙundu da wuya, a zuba a tukunya ɗaya ta mutum takwas ko goma. Ta yaya za ka bi yankinka tun yana ɗanye har ya iso gabanka? Na ga wadda ke soka tsinken tsire a nata yankin don ta gane shi, dabara ce, amma ba kullum take yiwuwa ba, kuma a gidan da ake da surukai da baƙi abin kan jawo magana. Sannan akwai ƙashi. Ƙasan cinya, wanda yara ke riƙewa kamar sanda, kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ƙashi ne. Fiffike kuwa ya kusa rabi. Wanda ya auna fiffike ɗanye ya rubuta shi duka a matsayin tsoka ya yi nisa da gaskiya. Abu na uku, in kaza mai fata ce aka gasa a kan waya, kitse mai yawa ya ɗiga cikin garwashi, amma lissafin ɗanye ya ɗora maka shi kamar ka ci.

Awon dafaffe

Wannan ita ce hanyar da ta san rayuwar gidan yawa. An zuba maka abinci, ka ɗauki namanka ka ɗora a sikeli, ka ci, ka tara ƙashin a gefe, ka auna shi ka cire. Abin da ya rage shi ne ya shiga ciki. Ba ka hana uwargida aikinta ba, ba ka sa an raba tukunya ba. Kuma ita kaɗai ce hanya idan abincin daga waje ya fito: kazar mai gashi da daddare, ta gidan biki, ta kwanon da maƙwabta suka aiko ranar Sallah.

Bari in tsaya kan ta mai gashi, domin ita ce ta fi shiga hannun samari. A ce ka sayo rabin kaza an naɗe ta a takarda. Ka ware albasa da tumatir da kabeji gefe, ka auna naman da ƙashinsa, ya ba ka giram 420. Ka gama ci, ƙashin ya ba ka 130. Ka ci giram 290 ke nan. Jadawalin da na ambata ya ba gasasshiyar kaza mai fata kalori 239 a kowane giram 100, marar fata kuma 190. Da fata, ka doshi kalori 700 a zama ɗaya, ba a sa man da mai gashin ya shafa mata sau biyu ko uku tana kan wuta ba, ba a sa yajin da aka barbaɗa ba, wanda in mai ƙuli-ƙuli ne to gyaɗa ce. Ita fatar kaza in ta gasu tana da kalori sama da 450 a giram 100, ta ninka tsokar ƙirji fiye da sau biyu da rabi. Wanda ke neman rage ƙiba, cire fatar nan ya fi masa amfani a kan duk wata gardama ta ɗanye da dafaffe. Na san a nan daɗin yake, ni ma ina sonta, amma lambar ba ta canzawa don muna so.

Sharaɗin wannan hanya shi ne a zaɓi layin da ya yi daidai da irin dahuwar. Naman kaza marar fata in dafawa aka yi cikin ruwa yana da kalori 177, gasasshe 190, soyayye 219. Kuma a riƙa aunawa a lokaci iri ɗaya. Naman da aka sauke yanzu yana tururi bai gama rage nauyi ba. Wanda ya kwana a firji a buɗe, ko ya sha iskar hunturu a faranti, ya ƙara bushewa. Ni nakan bari ya yi minti biyar zuwa goma sannan in ɗora. Dambun kaza kuwa, wanda aka daka aka soya har ya zama kamar auduga, layin dafaffe na jadawali ba ya kama shi ko kusa, domin ruwansa ya tafi kusan duka, mai ya shige gurbinsa. Haka kilishi a ɓangaren naman shanu: ɗan abin da ka riƙe a hannu babban yanki ne kafin rana da wuta su shanye shi.

Akwai wata matsala da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai. Lambobin jadawalin Amurka na kajin gidan gona ne, masu kai wa yanka cikin mako shida zuwa takwas, masu taushin tsoka da kitse a ƙarƙashin fata. Zakaran gida da ya yi watanni yana tone-tone a bayan gari, irin wanda ake kawowa daga kasuwannin ƙauye kamar Achida, tsokarsa ta fi tauri, ƙashinsa ya fi yawa in aka gwada da namansa, kuma sai ya daɗe a wuta kafin haƙori ya shige shi. Haka tsofaffin kajin ƙwai da ake sayarwa bayan sun gama aiki, haka zabo. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a 2019, kuma a cikinsa akwai gero da dawa da kuka da sauran abin da muke ci, da lambobin ɗanye da na dafaffe. Ga mai lissafin tuwo da miya ya fi na Amurka kusa da tukunyarmu, kuma kyauta ake sauke shi a intanet.

Hanyar da na fi yarda da ita

Ni dai abin da na zaunar a gidanmu haɗin biyun ne. A auna ɗanye sau ɗaya don a san gaskiyar tukunya, a auna dafaffe kullum don a san rabon kowa. Ga yadda yake. Uwargida ta auna duk tsokar kafin ta zuba, a ce giram 800. Bayan ta dahu ta tsame ta auna duka, ta samu 600. Kai ka ɗebi giram 120, wato kashi ɗaya cikin biyar na dafaffen. To ka ci kashi ɗaya cikin biyar na ɗanyen ke nan, giram 160. In ƙirji ne, kalori 192 da furotin giram 36. Ko ta bushe ko ba ta bushe ba, lissafin ba zai kauce ba, domin rabo ka bi, ba nauyi ba.

Ba sai an yi haka kullum ba. Hannun mai girki ɗaya ne, murhu ɗaya ne. In aka gwada sau uku ko huɗu a kan farfesu, sau uku ko huɗu a kan tafasa-da-suya, za a ga lambar tana dawowa kusa da wuri ɗaya. Sai a rubuta ta a ajiye. Daga nan dafaffe kawai za a riƙa aunawa a mayar da shi ɗanye da lissafi. Amma a kula da wani tarko da ya kama ƙanena: in nama ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu, ba kashi ɗaya cikin huɗu za ka ƙara wa dafaffen ba don ka koma ɗanye, kashi ɗaya cikin uku za ka ƙara. Giram 200 ya koma 150. Sulusin 150 shi ne 50, ka ga an koma 200. In rubu'i ka ƙara, a 187 za ka tsaya. Mai waya a hannu ya raba nauyin dafaffen da 0.75, shi ke nan.

Romo fa? Ɗan furotin da kitsen da suka fita suna cikinsa. In farfesu ne ka shanye romon, lissafin ɗanye ya yi daidai. In an zuba romon a miyar gida kowa ya sha, abin da ka rasa kaɗan ne in kazar marar fata ce, ba abin tayar da hankali ba.

Yanzu ga maganar da na fi so a ji, ko da an manta sauran. Mun ɓata lokaci a kan ruwan da ya fita daga kaza, alhali abin da ya shiga cikinta ya fi shi nauyi a lissafi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, giram 14 ko kusa da haka, yana da kalori wajen 120. Daidai da giram 100 na ɗanyen ƙirjin kaza ke nan. Cokali ɗaya tak. Manja da man shanu ma suna nan kusa. Wace uwargida ce a garin nan ke zuba mai da cokali? Da kwalba muke tuttulawa, ko da ludayi, har sai ya taso saman miya, don miyar da mai bai taso ba a ganinmu ba ta yi kyau ba. Mutum zai tsaya yana gardamar giram 20 na nama, ga ludayin mai ya wuce ta gabansa bai rubuta ba. Gyaran mai sauƙi ne: a ɗora kwalbar mai a sikeli kafin girki, a sake ɗorawa bayan girki, bambancin shi ne abin da ya shiga tukunya, a raba shi da yawan masu ci. In suya ce a mai mai yawa, a auna kaskon da mansa kafin a fara, a sake aunawa bayan ya huce. Bambancin, mafi yawansa yana jikin nama.

Inna, wadda ciwon suga ya kama shekarun baya, ta daɗe tana kallon wannan awo namu da shakka. Ranar farko cewa ta yi, "Ke ɗiyar nan, mi kike auna nama awa mai saida zinari?" Na ce, "Inna, naki awon ba a nama yake ba, a shinkafa yake." Domin tsokar kaza ba ta da sitaci, ba ita ke ɗaga suga ba. Shinkafa kuwa akasin kaza take yi a wuta: kaza zubar da ruwa take, shinkafa sha take, har nauyinta ya kusa ninkawa uku. Giram 100 na ɗanyar farar shinkafa na da kalori wajen 360 da sitaci kusan giram 80. Giram 100 na dafaffiya kalori 130 da sitaci giram 28. Kuskuren ɗanye da dafaffe a kaza wajen sulusi ne, a shinkafa kusan ninki uku ne. Haka taliya, haka wake, haka tuwo, wanda nauyinsa ya dogara da ruwan da mai tuƙi ta zuba. Mai suga da ke da ƙarfin auna abu ɗaya kacal a rana, ya auna malmalar tuwonsa, ya bar kazar.

Mai ciwon ƙoda shi ne lamarinsa ya fi tsauri, domin a wajensa furotin ne ake taƙaitawa, kuma kuskuren da ya fi hatsari shi ne ya auna dafaffe ya lissafa da lambar ɗanye, ya ci fiye da ƙa'ida yana ganin yana daidai. In an ba shi adadi a asibiti, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko a wani, kada ya fito sai ya tambayi abu biyu: giram ɗin nan na nama ne ko na furotin, kuma in na nama ne, ɗanye ko dafaffe? Giram 50 na furotin da giram 50 na nama tazararsu ta haura ninki uku. Ga lafiyayyen baligi, ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce furotin giram 0.8 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 70 yana bukatar wajen giram 56, daga dukkan abincinsa, har da wake da gyaɗa da nono da ƙwai. Masu ɗaga ƙarfe kan nemi ninki biyu na haka. Mai lalura kuwa lambar likitansa zai bi, ba tawa ba.

Wanda ba shi da sikeli, ko yana wurin da fito da shi zai zama rashin ta-ido, kamar walima ko buɗa-baki a gidan surukai, ya yi amfani da hannunsa. Dafaffiyar tsoka mai faɗi da kaurin tafin hannun baligi, ban da yatsu, tana kai wa giram 85 ko kusa da haka, wato furotin wajen giram 26 in ƙirji ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, musamman idon da ya yi wata guda yana kallon sikeli. Wannan ma na cikin ribar awo: bayan ɗan lokaci kana ganin yanki ka san ajinsa. In za a sayi sikelin, a nemi mai nuna lamba giram-giram, mai ɗaukar har kilo biyar, mai maɓallin da ke mayar da shi sifili bayan an ɗora kwano. Irin mai allura na masu sayar da kifi da nama a kasuwa ba ya ganin giram 20 ko 30. A gwada shi da ruwa: rabin lita ya kamata ya ba da giram 500.

A gidanmu yanzu akwai takarda manne a bayan ƙofar kicin, da rubutun ƙanena. Layi ɗaya na farfesu, ɗaya na tafasa-da-suya, ɗaya na gashin gawayi, kowanne da lambar da muka samu bayan gwaji huɗu. Ranakun da yake girka nasa shi kaɗai, ɗanye yake aunawa ya wuce wurin. Ranakun tukunyar gida yakan jira a zuba masa, ya auna, ya ci, ya auna ƙashi, ya duba takarda. Kwalbar man gyaɗa ni ke ɗora ta safe da yamma. Inna kuma tana da ƙaramin kwanonta na tuwo da muka auna sau ɗaya muka san cikinsa, ba ta ma bukatar sikeli. Makon jiya da aka kawo mana zakaru biyu daga ƙauye, ya ɗauko biro ya buɗe musu sabon layi a ƙasan takardar, ya ce in jira kada in zuba su a tukunya sai ya kawo kwanon awo.